Mai Wa'azin da Ya Koma Fagen Dambe

Labarin mutuwar George Foreman ya same ni ran Asabar, 22 ga watan Maris na 2025, ina tsugune a bayan gida ina wanke tsinkayen tsire, rediyo kuwa na ajiye a kan katanga. Aka ce ya rasu jiya Jumma'a a birnin Houston na ƙasar Amurka, yana da shekara 76. Matata ta ga na bar wankin na yi shiru, sai ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Na ce, "Wani ɗan dambe ne." Ta ce, "Danginku ne?" Ta san zuriyarmu, shi ya sa ta yi wannan tambaya. Na yi dariya na ce a'a. Amma da na zauna daga baya, sai na ga amsar nan ba ta cika ba.

Mu rundawa ne, watau mahauta. Kowa kuwa ya sani a ƙasar Hausa inda fawa take, nan kalangu yake, nan dambe yake. Gidan kakanmu, a wani ƙauye na jihar Maraɗi, ya rabu biyu tun kafin a haife ni. Baffana, yayan mahaifina, ya musulunta ya riƙe wuƙarsa. Mahaifina ya karɓi baftisma ya ajiye tasa, gama babu mai sayen yankan Kirista a kasuwarmu, ya koma noma. Amma zumunci bai yanke ba. Da na gama aji shida a lekol ta mishan, babu halin ci gaba, sai Baffa ya ɗauke ni zuwa gari na zama yaron tukubarsa a bakin tasha. A can na koyi yanyana nama, da suka, da haɗa yaji da ƙuli, da sanin wutar da ke gasawa da wadda ke ƙonawa. A can kuma na fara jin sunan mutumin nan, wanda Baffa yake kira Foman.

Baffa ya yi dambe a ƙuruciyarsa, hannunsa na dama duk tsagar magani ce har gwiwar hannu. Damben Turawa bai ɗauke shi bakin kome ba. Yakan ce wanda ya ɗaura wa hannunsa matashin kai ba da gaske yake ba. Mutum biyu kaɗai ya ware. Na fari Isaka Dabore, wanda ya kawo wa Nijar lambar tagulla daga wasannin Olimfik na Munich a 1972, lambarmu ta farko ke nan. Na biyu Muhammadu Ali, shi kam kamar ɗan ɗakinsu ne. Damben da Ali ya yi da Foreman kuwa, Baffa a rediyo ya ji labarinsa, amma in yana ba da shi sai ka rantse a gaban igiya ya zauna.

Ga yadda abin ya kasance. Ran 30 ga Oktoba 1974 aka haɗa su a Kinshasa, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Zayar. Shugaba Mobutu ne ya karɓi baƙuncin, aka yi wa kowannensu alkawarin dalar Amurka miliyan 5, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Foreman ne zakaran duniya na ajin masu nauyi. Shekararsa 25, ya yi dambe 40 bai faɗi ko ɗaya ba, a 37 daga ciki abokan karawarsa ba su kai ƙarshen wasa a tsaye ba. Ali yana da shekara 32, har masoyansa suna tsoro kada a kashe shi kisan gaske, ba irin kisan da muke faɗa a fagen dambenmu ba. Foreman ya sauka garin da katon karensa, irin karnukan da 'yan sandan Beljiyam suke sakar wa mutanen ƙasar a zamanin mulkin mallaka, ga shi ba ya fara'a, ba ya magana. Jama'a suka juya masa baya, suka bi Ali. Aka fara wajen ƙarfe huɗu na asuba domin mutanen Amurka su samu kallo da maraicensu. Ali ya jingina da igiya ya rufe fuska, ya bar Foreman yana ta jibgar hannuwansa da haƙarƙarinsa kamar mai sussukar gero, har ya gaji tilis. A turmi na takwas Ali ya baro igiya ya kai shi ƙasa.

Saboda haka a tukubar Baffa, Foman ba sunan yabo ba ne. Baffa yakan ce ƙarfi ba hankali na sa ne, sa kuwa a mayanka yake ƙarewa. In yaro ya ɗauko cinyar sa da garaje ya zame ya faɗi, sai ka ji an ce, "Foman ya sha ƙasa."

Shekarar 1994 ba ta mantuwa a Nijar. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, kome ya yi tsada, masu sayen tsiren dala ashirin suka koma na dala goma. Ina da shekara goma sha huɗu. Da kaka, ran Lahadi 6 ga Nuwamba da dare, ina fifita wuta sai rediyo ya ce George Foreman ya sāke zama zakaran duniya yana da shekara 45. Baffa bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Ɗansa ne. Wanda Ali ya kayar ai yanzu jikoki yake goyo." Wani mushen lekol da ke jiran balangu ya ce, "A'a, Baba, shi ne dai. Har ma an ce fasto ne yanzu." Baffa ya ajiye wuƙa, ya daɗe yana kallon rediyon, sa'an nan ya nuna ni da haɓa ya ce, "To, ashe naku ne. Sai ka tambayi ubanka yadda fasto yake dukan mutane." Daga baya na ji 'ya'yan Foreman maza biyar ne, dukansu kuma George ya raɗa musu, don haka zaton Baffa bai yi nisa da hankali ba.

Ban tambayi mahaifina ba. Amma tambayar ta zauna mini, na yi ta tsintar labarin mutumin a hankali, da fari daga tsofaffin mujallun Faransanci na ɗakin karatun mishan, ina tuntuɓe a cikinsu da ƙamus, daga baya kuma daga wayar hannu.

An haife shi ran 10 ga Janairu 1949 a garin Marshall na jihar Texas, ya tashi a wata unguwar matalauta a Houston. Su bakwai ne a wurin uwarsu. Mutumin da ya ɗauka ubansa ne ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mashayi, sai da ya girma ya san ba shi ya haife shi ba. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya shiga tare mutane a lungu yana ƙwace musu kuɗi. Shi da bakinsa ya faɗi wannan, ba maƙiyi ya laƙa masa ba. Yana da 16 ya shiga wani shirin gwamnati mai suna Job Corps, inda ake koya wa 'ya'yan talakawa sana'a. A can wani mai kula da su, Doc Broadus, ya ga yaron ba ya rabo da faɗa, sai ya sa masa safar dambe. Bai cika shekara biyu da hawa fage na farko ba ya ci lambar zinariya a Olimfik na Meziko a 1968. Ya zagaya fagen da 'yar tutar Amurka a hannu, kwanaki kaɗan bayan 'yan tsere biyu baƙaƙe, Tommie Smith da John Carlos, sun ɗaga dunƙulallen hannu don ƙin wariyar launin fata. Da ya koma gida waɗansu suka zarge shi da sayar da 'yan'uwansa. A ganina tun daga nan fuskarsa ta soma rufewa. Ran 22 ga Janairu 1973, a Kingston ta Jamaika, ya kai Joe Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu, ya karɓi kambin duniya. Frazier kuwa shi ne mutum na farko da ya ci Ali, a 1971.

Bayan Kinshasa mutumin ya rikice. Ya ce an sa masa magani a ruwa, ya ce an sassauta igiya, ya ce alƙalin wasa ya yi saurin ƙirga. A 1975 a Toronto ya kara da mutum biyar ɗaya bayan ɗaya a rana guda don ya nuna har yanzu shi dodo ne, 'yan kallo suka yi masa ihu. Sa'an nan ran 17 ga Maris 1977, a San Juan ta Puerto Rico, wani mai wayo da ake kira Jimmy Young ya cinye shi da maki bayan turmi goma sha biyu cikin zafi mai tsanani. A ɗakin sauya tufafi abin ya faru. Likitoci suka ce zafi ne da ƙarewar ruwa a jiki. Shi kuwa ya ce ya ji ya mutu, ya faɗa cikin wani duhu marar iyaka, ya yi kira ga Allah, aka fito da shi. Ya tashi yana ambaton sunan Yesu da ƙarfi, mutanensa suna ƙoƙarin danne shi.

Ni ba na shiga tsakanin likita da mai abin. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aikin katikis, na zauna a gefen masu zazzaɓi da yawa, na ji sun ga abubuwa, na ji sun yi alkawarai, da zazzaɓin ya sauka kuwa sai su koma gidan jiya. Shi ya sa nakan jira in ga abin da mutum zai yi bayan ya warke. Wannan dai ya bar dambe yana da shekara 28, lokacin da ƙarfinsa yake kan ganiya, shekara goma bai ƙara hawa fage ba. Ya aske gashinsa, ya yi ƙiba, ya riƙa tsayawa a bakin titi yana wa'azi, masu wucewa da yawa ba su ma gane shi ba. A 1978 aka naɗa shi mai hidima, ya zama shugaban wata ƙaramar majami'a a Houston.

Da labarin a nan ya tsaya, da ya yi daɗin faɗa a wa'azin Lahadi. Na sha faɗarsa haka ina sabon katikis, in kai nan in rufe. Sauran labarin yana ba ni kunya a lokacin, gama ban san yadda zan bayyana wa masu neman baftisma cewa mutumin ya koma ba.

Dalilin komawar, yadda shi ya ba da shi, ya soma ne da wata mace. Ta kawo ɗanta wurin da ƙanensa Roy yake koya wa yara dambe, tana so George ya kula da yaron. Shi kuwa ya ga shi mai wa'azi ne yanzu, ba ruwansa da safa, in yaron yana son gyaruwa ya zo majami'a. Bayan 'yan watanni ya tambayi labarin yaron, aka ce yana kurkuku, ya shiga fashi. Abin ya hana shi sukuni. A 1984 shi da Roy suka buɗe gidan matasa a wani tsohon sito a Houston, da wurin dambe da wurin motsa jiki, daga aljihunsa yake biyan kome. Ba a daɗe ba mai lura da dukiyarsa ya gaya masa in ya ci gaba haka zai wayi gari ba shi da ko anini. Ya gwada zagaya majami'u yana ba da shaida a ba shi ɗan abin da ya samu. A wata majami'a, da ya gama magana, mai masaukinsa ya tashi ya shiga matsa wa jama'a su ƙara baiko saboda George, shi kuwa yana zaune a gaba kowa yana kallonsa. Ya ce kunyar ranar ce ta sa ya tuna yana da sana'a.

Mai karatu ya yi mini haƙuri in bar Amurka kaɗan, gama nan ne labarinsa ya taka nawa.

Ina da shekara ashirin da huɗu na bar tukubar Baffa na tafi horon katikis. Ranar da na wanke hannuna na sa farar riga, ban ɓoye wa kaina ba, na ji daɗi. Wanda bai tashi a gidan fawa ba ba zai gane ba. Ana cin namanmu, ana dariya da mu, amma in maganar aure ta zo sai a tuna mu rundawa ne. Yanzu kuwa ga shi ana ce mini Malam, ana ba ni kujera. A 2011 na buɗe ajin dare a rumfar da ke gefen majami'armu domin yaran tasha, masu tura amalanke da masu wankin babura, Musulmi da Kirista. Karatu da lissafi nake koya musu, a sha kunu a watse. Kunun nan shi ne rabin makarantar, gama yaron da ya wuni bai ci ba ba ya gane baƙi. Ɗan taimakon da ke zuwa daga waje shi ke sayen gero da sukari da alli da batir. A 2014 taimakon ya tsaya. Abin da ake ba ni a wata kuwa ko gidana ba ya riƙewa sai da gona. Na rufe ajin.

Bayan mako kaɗan wata gwauruwa ta zo da ɗanta, yaro dogo mai shekara kamar goma sha shida, ta durƙusa ta ce, "Malam, ka riƙe mini shi, ya soma bin waɗanda ban yarda da su ba." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, babu hali yanzu, amma za mu sa shi a addu'a." Na kuwa yi addu'ar. A shekarar ce aka gano zinariya a Jado, can cikin hamada, samari suka yi ta hawa motoci suna tafiya. Yaron ya bi su. Har yau uwarsa ba ta ji ɗuriyarsa ba. Tana gaishe ni in mun haɗu, ba ta taɓa ce mini kome ba, da ma ta ce.

Matata ce ta fara faɗa. Ta ce, "Malam, kana da sana'a a hannunka." Na yi kamar ban ji ba. Shekara biyu ina yin kamar ban ji ba, ina rubuta wasiƙun neman taimako da Faransancina mai ɗingishi, ba amsa. Na gaya wa kaina darajar aikin Ubangiji nake karewa. Farar rigar nake karewa.

Shi ya sa in an tambaye ni wace rana ce babba a rayuwar Foreman, ba na cewa Kingston, ba na cewa daren da ya karɓi kambi na biyu. Ina cewa 9 ga Maris 1987, a garin Sacramento. Ran nan ya hau fage yana da shekara 38, nauyinsa kilo 121, bayan ma ya sha wahalar ragewa, tumbi a gaba, kai a aske, ya kara da wani Steve Zouski wanda ba kowa ya san shi ba. 'Yan jarida suka yi ta ba'a. Masu bi kuma waɗansu suka ce ya koma wa abin da ya tuba daga gare shi. Mutumin da duniya ta taɓa jin tsoronsa ya tuɓe riga a gaban jama'a ya bari a yi masa dariya. Bai yi fushi ba, har ya shiga taya su, yana ba'ar cikinsa da yawan cinsa. Ya bi ƙananan garuruwa yana karawa da ƙananan 'yan dambe kan kuɗi kaɗan, kamar mai koyo. Salonsa ma ya sāke. Ya daina kai duka barkatai, ya riƙa gicciye hannuwa a gaban fuska irin na tsohon zakara Archie Moore, yana takawa a hankali, ba ya ɓarnar ƙarfi. Tsakanin turmi da turmi ba ya zama a kujera, a tsaye yake hutawa. Ya ci dambe 24 a jere. A watan Afrilu na 1991, yana da shekara 42, ya tsaya wa zakara Evander Holyfield turmi goma sha biyu cur. Bai ci ba, amma daga ranar dariya ta ragu.

Ni tawa Sacramento a 2016 ta zo, bayan ƙaramar salla. Na je wurin Baffa, ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe da fawar. Na yi ta kewaye-kewaye, shi kuwa ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Wuta kake so ko kuɗi?" Na ce, "Wuta, Baffa." Ya sa aka ba ni gefe a bakin tasha, ya ba ni tsohuwar wuƙarsa. Ɗansa ke yanka, ni in saya in gasa, kowa ya san haka, don kada wani ya yi shakkar naman. Daren farko da na ɗaura gyauto na tsaya a bayan hayaƙi, aka kawo Baffa a kan babur don ya gani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da ƙarfi yadda duk tasha za ta ji, "Jama'a, Foman ya dawo!" Sunan ya bi ni har yau.

Dariyar tasha mai sauƙi ce. Mai wuyar ita ce ta gida. Dattawan ikkilisiya suka kira ni bayan sujada. Ɗaya daga cikinsu, mutumin kirki wanda ya riƙe ni a baftisma, ya ce, "Ɗana, hannun da ke kai wa marasa lafiya Jibin Ubangiji bai kamata ya riƙa ƙaurin kitse ba." Na kawo musu misalin Manzo Bulus da ya ci da kansa da ɗinkin alfarwa. Ya ce ɗinki daban, fawa daban. A nan na gane ba hayaƙin ne ya dame su ba, abin da ya dame ni shekara biyu shi ya dame su. Fada ya saurare mu duka, ya ce a gwada, da sharaɗi: ba na kunna wuta ran Jumma'a a lokacin azuminmu, ran Asabar kuma in rufe da wuri. Bayan wata uku na sāke buɗe ajin dare. Daga magariba zuwa lisha ina rumfa da alli, daga lisha ina tasha da wuƙa, manyan yaran suna taya ni, biyu daga cikinsu yanzu suna da tukubarsu.

Da yaran nan na fara kallon damben 1994 da idona, a 'yar waya, mun haɗa kai kamar masu cin tuwo. A Las Vegas aka yi shi ran 5 ga Nuwamba. Michael Moorer bahago ne, shekararsa 26, bai taɓa faɗuwa ba, shi ya ƙwace kambi daga Holyfield a watan Afrilu. Turmi tara yana dukan tsohon yadda ya ga dama, idon Foreman na hagu ya kumbura, duk alƙalai uku sun ba Moorer rinjaye. Gajeren wandon da Foreman ya sa, ja, shi ne wanda ya sa a Kinshasa shekara ashirin da suka wuce. A kusurwarsa kuma ga Angelo Dundee, mutumin da ya tsaya wa Ali a wancan dare. A turmi na goma ya miƙa hagu, ya bi da dama, gajeren naushi wanda in ka ƙifta ido ba za ka gan shi ba. Moorer ya kwanta rigingine. Aka ƙirga goma. Foreman bai yi tsalle ba, ya dubi sama, ya juya kusurwa ya durƙusa. Yaran suka yi ta sowa, suka ce a maimaita.

Da aka maimaita sai na bar kallon mai durƙuso na kalli na kwance. Jini a bakinsa, idanunsa a buɗe ba sa ganin kome. Shi ma ɗan wata ne. Foreman ya sha faɗa cewa a dawowarsa bai taɓa dukan kowa da fushi ba, na kuwa yarda. Amma ƙwaƙwalwar wanda aka daka ba ta san da fushi aka dake ta ko da addu'a ba. Mun ga yadda Ali ya ƙare, hannu yana rawa, magana ba ta fita. Tambayar da Baffa ya aike ni da ita wurin mahaifina, yadda fasto yake dukan mutane, har yanzu ba ni da amsarta da za ta gamsar da ni. Nama nake yanka, ba mutum ba, a nan kam ni da shi mun rabu.

Akwai kuma wani abu. In don gidan matasa ne kaɗai, kuɗin damben Holyfield ya isa ya riƙe shi shekaru masu yawa. Bai tsaya ba, sai a 1997, yana da shekara 48, bayan ya yi dambe 81, ya ci 76. Ashe akwai abin da ya bari a Kinshasa wanda yake so ya ɗauko, jan wandon nan shi ne shaida. Ban sa shi cikin tsarkaka ba. Ya yi aure sau biyar. A 2022 waɗansu mata suka kai shi ƙara kan abin da suka ce ya yi musu a shekarun 1970, shi kuwa ya musanta. Amma kan maganar niyya mai gauraye ba ni da bakin zarginsa. Ajin dare ba ya cin rabin abin da tukuba take kawowa yanzu, sauran gidana yake shiga. In kuwa za a bi gaskiya, ina son tsayuwar nan. Ina son ƙamshin, da hirar direbobi, da yadda hannuna ya tuna aikin tun kafin kaina ya tuna. Da za a aiko da taimakon gobe, ban tabbata zan kashe wutar ba.

Abin da ke ba ni dariya shi ne inda arzikinsa ya fito a ƙarshe. Ba daga dambe ba, ba daga majami'a ba. Wani kamfani ya sa sunansa a kan wata na'urar gashin nama mai aiki da lantarki, wadda ke tsiyaye kitse gefe, shi kuma ya riƙa tallarta a telebijin da murmushin nan da mutanen Kinshasa ba su taɓa gani ba. An sayar da fiye da miliyan 100, a 1999 kuma kamfanin ya sayi sunan nasa kan dalar Amurka wajen miliyan 137. Da na gaya wa Baffa, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe ɗan'uwa ne, mai tsire ne. Amma wanda ya zubar da kitse me ya bar wa mai saye?" Na gaya masa kuma cewa Foreman ya daina kawo hujjar ruwa da igiya, ya yarda Ali ya ci shi da gaskiya, har suka zama aminai. A 1997, da aka ba fim ɗin damben Kinshasa kyauta a Amurka, shi ya tallafi Ali suka hau matakala, gama ƙafafun Ali sun yi rauni. Baffa ya yi shiru. Tun daga ranar ban ƙara jin ya ce sa ba. Ali ya rasu a watan Yuni na 2016, Baffa ya bi shi bayan shekara uku, wuƙarsa tana wurina.

Ran Asabar ɗin nan da na faɗa da fari, azuminmu da na Musulmi sun haɗu, ga bazara ta kankama. Bayan an sha ruwa tasha ta cika, na kunna wuta. Wani tsohon direban kaminyo, wanda ya san Baffa, ya zo ya tsaya bai ce a ba shi kome ba. Ya cire hula ya ce, "Malam Foman, ashe takwaranka ya riga mu. Ya haƙuri?" Na buɗe baki in ce masa ba dangina ba ne, sai na ji na ce, "Haƙuri sai ma'abūcinsa, mun gode." Ya ce, "Allah ya ba mu guzurin tarad da su." Na ce amin. Sa'an nan ya mai da hularsa, ya ce in sa masa na jikka ɗaya, mai kitse, in cika yaji.